Bayani A Kan Dafa Ɗanyen Kayan Lambu, Da Abin Da Ya Shafi Mai Hatsi A Ciki

 

 Yau za mu ɗan ajiye maganar buhu da tiya, mu leƙa madafi. Wataƙila wani ya ce ina ruwan mai hatsi da alayyahu? To, da ruwansa ƙwarai. Ba wanda ya ke sayen dawa don ya ci gayan tuwo. Mudun da ya bar rumfarmu, wurin miya za shi, kuma yawan mudun da gida ke ci a wata yana rataye da abin da uwargida ta samu ta zuba a tukunya. Haka shi ma ɗan gwari: in bai san yadda za a dafa kayansa ba, ba zai san wanda zai sara ba, balle wanda zai fara rabuwa da shi kafin rana ta take. Abin da za mu faɗa a nan mun same shi daga masu girki na gidajenmu, da masu tuwo-tuwo da ke sayen tsaki da shinkafa a hannunmu shekara da shekaru. Su ne malaman wannan fanni, mu almajirai ne.

Sai mu fara da tuna cewa wannan yalwa ta ɗanyen kaya da rani ba tsohuwa ba ce. Iyayenmu sun yi lambu a fadama da jigo, amma ɗan kaɗan ne, albasa da tumatir ƙanana da alkama. Miyar rani a yawancin gidaje kuka ce da busasshiyar kuɓewa da karkashi. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa ya shiga gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, sa'an nan injin ban-ruwa ya yaɗu ƙauyuka, sai lissafi ya juye. Yanzu hunturu shi ne kakar tumatir, kwanduna tuli a Kwanar Gafan da 'Yankaba, motoci na lodi zuwa Ikko. Kabeji da karas da dankalin Turawa na saukowa daga Jos, albasa daga Aliero da Galmi ta ƙasar Nijar. Kaya sun zo da yawa, amma sanin dafa su bai zo tare da su ba a kowane gida. Har yanzu akwai masu yi wa ɗanyen ganye dahuwar busasshe, a zuba shi tun farko a bar shi yana ɓararraka har ya yi baƙi ya saki jiki.

Wannan shi ne babban abin da masu girki suka yi ittifaƙi a kansa: busasshe yana son wuta, ɗanye ba ya so. Kuka sai ta dahu sosai warinta ke fita. Amma alayyahu, wanda daga shuka zuwa yanka bai fi wata guda ba, ba shi da ƙashin da zai jure wuta. Shi ne ƙarshen shiga tukunya, kuma da zarar ya risina ya yi kore shar, a sauke, sauran zafin miya ya ƙarasa shi. Likitoci ma sun ce wani ɓangare na amfanin ganye, wanda su ke kira bitamin, yana mutuwa da doguwar dahuwa, wani kuma yana bin ruwan da aka tsiyaye aka zubar. Don haka a wanke ganye tun yana ɗungurungum, sa'an nan a yanka. In aka yanka aka jiƙa, rabin abin da aka saya ya bi kwata.

Sai maganar kanwa. Kanwa tana sa ganye ya yi kore, tana sa ya yi laushi da wuri, tana kashe tsami, shi ya sa hannu ya saba da kai mata. Amma ita ma tana cin wancan amfani da muka ambata, kuma in ta yi yawa miya ta yi santsi da ɗanɗanon sabulu. Alayyahu ba ya bukatarta ko kaɗan. Kabeji ma haka. Inda ta ke da aiki wuri biyu ne ko uku: kuɓewa da lalo don yauƙi, da tsohon zogale mai tauri. Ko a nan ɗin, ruwan jiƙaƙƙiyar kanwa cokali guda ya isa tukunyar gida.

To ga kuɓewa. Mai sari ya san gwajinta: a kama tsinin a lanƙwasa, in ya ƙarye ƙas, ɗanya ce sharaf, in ya lanƙwashe bai ƙarye ba, ta tsufa, ta zama ta yankawa a shanya. Kada dillali ya haɗa biyun a kwando ɗaya, domin mai tuwo ta gane tun daga turmi, kuma gobe ba za ta dawo ba. Yadda a ke yin miyarta: a dafa nama ko kifi da daddawa da albasa da attaruhu har romo ya yi daɗi. A goga kuɓewar ko a kirɓa ta a turmi, a zuba cikin romon yana tafasa, a ɗiga ruwan kanwa, a burga da maburgi. Ba a rufe tukunya, domin tana kumfa ta yi bori ta kashe wuta, kuma mata sun ce rufi na tsinka ta. Minti kaɗan ne, in ta haɗe jikinta ta yi yauƙi, shi ke nan. Abin da ba ta so shi ne tsami. Tumatir mai yawa ko yakuwa na yanke mata yauƙi, sai a ga ruwa daban ƙwayoyi daban. Abokinta tuwon dawa ne ko na masara, kuma mu masu hatsi mun lura, gidan da a ke miyar yauƙi tuwo na tafiya da sauri, domin loma ba ta tsayawa a maƙogwaro. Allah ya ƙara wa kuɓewa albarka, ita ce dillaliyarmu da ba ta karɓar la'ada.

Amma fa akwai girkin da ke yin akasin haka, watau ya rage cin hatsi, kuma shi ne muka fi so mu tsaya a kansa, ko da ya ke a zahiri ba ribarmu ba ce mu faɗa. Kowa ya san yadda kasuwa ke yi daga tsakiyar damina zuwa jin ƙamshin sabon gero: rumbu ya yi ƙasa, buhu ya hau. Kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya hau kan kowane buhu, sai ga magidanci da ke sayen tiya ya koma sayen gwangwani. Mu ne a bakin awo, muna ganin fuskokinsu. To, cikin hikimar Allah, lokacin da hatsi ya fi tsada shi ne lokacin da ganye ya fi araha: rama da yakuwa da tafasa da zogale da alayyahu, wani a bayan gida ma ya ke fitowa ba wanda ya shuka. Kakanninmu da wannan suka ƙetare watannin yunwa, kuma girke-girke uku suka bar mana: fate, da dambu, da kwaɗo.

Fate dai mutanen Zazzau sun yi suna da shi, har a kan tsokane su a kai, su kuwa ko a jikinsu, don sun san abin da su ke ci. A ɗora sanwa da ruwa mai yawa, a zuba jajjagen attaruhu da tumatir da albasa, da manja, da daddawa, da ƙashi ko busasshen kifi in da hali. In za a sa wake, shi ke fara shiga, don ya fi kowa taurin kai. Sa'ad da waken ya kusa nuna, a kawo tsakin masara wanda aka wanke aka rege, a riƙa zubawa ana juyawa don kada ya yi gudaji ko ya kama gindin tukunya. A zuba dakakkiyar gyaɗa. Sai tsaki ya nuna sa'an nan ganye ke shiga: yakuwa tukuna, don ta saki tsaminta, da gauta ga mai son ɗan ɗaci, daga ƙarshe alayyahu da lawashi. Masu girki sun ce ganye ya rinjayi tsaki, ba tsaki ya rinjayi ganye ba. In aka ga fate fari fat, to kunu aka dama. Tsakin da in garinsa aka tuƙa ba zai kai ko'ina ba, a fate sai ya zagaya gida har maƙwabta su samu. Yakuwa in tsaminta ya yi yawa, ba sai an kai ga kanwa ba, gyaɗar nan tana kwantar da shi, ko a ɗan tafasa ta daban a tsiyaye ruwan fari.

Dambu shi kuma aikin tururi ne, ba ya taɓa ruwa. A wanke tsaki, na masara ko na shinkafa ko na gero, a tsane shi, a zuba a madambaci, a liƙe bakin tukunya don kada tururi ya tsere. In ya yi rabin dahuwa a juye a ƙwarya, a wargaza shi, a zuba ɗanyen zogale da aka tsince daga itacensa, da albasa da attaruhu da gishiri da dakakkiyar gyaɗa, a yayyafa ruwa, a cakuɗa, a mai da madambaci. Turare na biyu shi ke dafa ganyen. A ci da soyayyen man gyaɗa da yaji. Da ya ke ba a tsiyaye komai ba, duk abin da ke cikin zogalen ya tsaya a kwano. Zamanin yanzu har kabeji da karas a ke yankawa a ciki, kuma ba laifi. Ga 'yan'uwanmu masu shinkafa: karyayyar shinkafa da a ke rainawa a kasuwa ita ce ta dambu, mai yin dambu ba ta bukatar doguwar ƙwaya. Ku ware ta ku sayar da sunanta da kuɗinta, maimakon a cusa ta tsakiyar buhun mai kyau a ɓata suna.

Kwaɗo kuwa ko hatsi ba ya nema. A dafa rama ko zogale ko tafasa, a matse, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa da tumatir, a ɗiga mai, a kwaɗa. Rama na son a zubar da ruwanta a matse ta da kyau, saboda tsami da ɗan bauri. Zogale kuwa a dafa shi da ruwa daidai wanda zai shanye. A Yamai Zabarmawa na kiran wannan kopto, kuma cikin azumi kasuwarsa ba ta kwantai. Wanda ya ci kwaɗo da la'asar, malmala ɗaya ta ishe shi da dare.

Kada a ce mun mai da ganye abincin talauci. Ga taushe, wadda ita ce miyar suna da biki da salla. Ginshiƙinta kabewa. An ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani maɗinki ya gayyaci Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya kawo gurasar sha'ir da romo mai kabewa da ƙilishin nama, sai Anas ya ga yana bin yankan kabewar a gefen akushi, kuma tun daga ranar shi ma ya ke sonta. A fere kabewa a yanka manya-manya, a dafa tare da nama mai ƙashi, in ta yi lugub a tsame a dame ta a mayar. A zuba markaɗe da daddawa da niƙaƙƙiyar gyaɗa, a bari ya yi kauri, sa'an nan yakuwa kaɗan, alayyahu a ƙarshe kamar yadda ya gabata. Kaurin taushe daga kabewa da gyaɗa ya ke, mai kaɗa gari a ciki ta yi ha'inci. Kuma kada a yi rowar mai: kabewa da karas da koren ganye, amfaninsu ga ido ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Taushe na tafiya da tuwon shinkafa da waina da sinasir da funkaso, shi ya sa duk ranar da muka ga mata na neman shinkafar tuwo da alkama, mun san mai kabewa ma ya yi ciniki. Ita kabewa tana cikin kayan gwarin da ba su da gaggawa: in ba a fasa ta ba, ba ta bugu ba, tana wata da watanni a inuwa. Wadda a ke nema mai nauyi ce, mai jan ciki, mai busasshen mariƙi. Da an sa mata wuƙa kuwa, kwananta ya ƙare.

Tumatir shi ne sarkin rigima, a kasuwa da tukunya duka. A 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har kwando ya gagari mutane, gidaje suka koma kauɗa da na gwangwani. Wata shekarar kuma a kan wayi gari kwando bai biya kuɗin motarsa ba, a bar shi bakin titi awaki su ƙi ci. Wanda ya iya sarrafa shi ranar araha shi ke dariya ranar tsada. Kuskuren da a ke yi wajen miyarsa shi ne a zuba ɗanyen markaɗe cikin mai kai tsaye, sai ya yi ta tsalle yana ƙona hannu, tsami bai fita ba, a koma neman kanwa. Hanyar ita ce a dafa markaɗen shi kaɗai, tukunya a buɗe, har ruwan ya ƙone ya yi kauri. Sa'an nan a soya albasa a mai, a juye shi, a yi ta juyawa a wuta marar ƙarfi har mai ya taso sama. Wannan ita ce alamar ya soyu. Tattasai shi ke ba da ja da zaƙi, attaruhu zafi da ƙamshi. In tumatir ya yi tsada, a ƙara tattasai da albasa, har da dafaffen karas ko kabewa a markaɗa tare, miya ta yi jiki ba wanda zai tanka.

Wajen sari a bambanta. Mai tauri, mai tsoka, marar ruwa da yawa, shi ke jure hanyar Kudu, shi ne kuma ke auki a tukunya. Mai ruwa na cin gida ne, a sayar yau. Wanda ya fashe da matsi yau ɗin nan, a dafa shi nan take, babu laifi. Amma wanda ya yi fumfuna ya fara wari, wanda a ke kasawa da yamma a ce araha, wannan ba abinci ba ne, kuma wuta ba ta gyara shi. Araha ba ta ado. Mai son yin kauɗa ya yanka lafiyayye ya shanya a kan tabarma ko leda, ba a kan ƙasar bakin titi ba, domin duk yashin da ya hau, a haƙorin mai saye zai sauka, kuma kauɗa mai tsabta ja-wur kuɗinta daban ne da baƙa. Wajen dafa ta, a jiƙa da ruwan zafi, a wanke sau biyu ko uku, a markaɗa da ɗanyar albasa.

Kayan Turawa kuwa ba su da dogon bayani. Kabeji in ya daɗe a wuta wari ya ke yi, a zuba shi a miya ko dafa-duka daf da saukewa, a ci shi da sauran ƙarfinsa. Karas da koren wake su riga shi shiga da kaɗan. Dankalin da ya yi kore ko ya yi tsiro a yanke wurin da zurfi, in koren ya yi yawa a zubar, domin akwai dafi a ciki.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne waɗanda a ke ci ɗanye, latas da kokwamba da kabejin kwaɗo, musamman da azumi. Ba kowane lambu ke shan ruwan dam ba. Akwai na cikin gari da ke shan ruwan kwata, akwai kuma mai yayyafa wa kaya ruwan kududdufi a kasuwa don su yi sheƙi. Daga nan a ke ɗaukar amai da gudawa da zazzaɓin taifot da tsutsar ciki. A ɓare latas ganye-ganye, a wanke da ruwa mai tsabta ana canzawa, ruwan gishiri na taimakawa wajen fid da ƙasa da ƙwari amma ba ya kashe komai da komai. In ana annoba a gari, a haƙura da ɗanye, a dafa. Masu lambu kuma da ke fesa magani yau su tsinka gobe, a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira. Dillali na da bakin da zai tambaya, domin shi ma daga kwandon nan a ke kai wa gidansa.

Albasa ta isa a yi mata takarda guda. Allah ya ambace ta da sunanta a Suratul Baƙara, aya ta 61, tare da ganye da adas, cikin abin da Bani Isra'ila suka roƙa. An hana wanda ya ci ta ɗanya ko tafarnuwa ya kusanci masallaci da warin, kuma Sayyadina Umar ya yi wa mutane nuni a huɗuba cewa mai son cinsu ya kashe warin da dahuwa. Masu cin tsire da kwaɗo kafin Isha'i sai su kula. A girki kashi biyu a ke yi mata: rabi a soya tun farko har ta yi ja, ita ke ba da zaƙi, rabi a yanka a ƙarshe don ƙamshi. Lawashinta ma ba abin yarwa ba ne, ɗanye ya shiga fate, in ya yi yawa a kirɓa a dunƙula a shanya ya zama gabu. Albasar rani da ta bushe da kyau, wuyanta ya rufe, ita ce ta ajiya a rumfa mai shan iska. Ta damina ruwa gare ta, ba ta kwana da yawa, wanda ya tara ta ya tara wari.

Wani ɗan gwari ya tambaye mu ko akwai zakka a kan kayansa kamar yadda mu ke fid da ta hatsi. Abin da muka karanta a Risala shi ne babu zakka a kan ganyaye da 'ya'yan itace su kansu, a mazhabar Imamu Malik. Amma kuɗin da aka samu daga cinikinsu, in sun kai nisabi shekara ta zagayo, hukuncin dukiya ya hau kansu. Tafsilin wannan sai a je wurin malamai.

Ga masu sabon shiga sarin gwari, ga jerin yadda kaya ke mutuwa, don a san wanda za a fara sakin kuɗinsa. Latas da alayyahu da lalo na yini guda ne, a rufe su da jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, in azahar ta yi a rage kuɗi a rabu da su. Kuɓewa da nunannen tumatir kwana biyu zuwa uku. Tattasai da attaruhu sun ɗan fi haka, kuma in sun ƙi tafiya rana na karɓarsu. Kabeji da karas su kan kai mako in ba su sha rana ba. Albasa da kabewa su ne masu jiran kasuwa. Masu fate da masu dambu da yamma su ke ɗora tukunya, su ne masu kwashe ragowar ganye in an yi musu sauƙi, sai a san gidajensu.